Dakan Inna Maryamu

Ni ce Halimatu mai fura ta bakin tashar Sabon Birni, kuma duk wanda ya taɓa sayen dawo a hannuna ya san bakina ba shi da linzami. Na faɗi haka tun farko ne domin bakin nan nawa yana cikin labarin, kuma ba ta ƙofar alheri ya shiga ba. Mutanen da zan yi maganarsu duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na ga babu laifi in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

Inna Maryamu 'yar Turba ce, ta ƙasar Isa. Aure ya kai ta wani ƙauye can bayan Unguwar Lalle, gidan Malam Jibrilla, manomi mai shanun huɗa biyu da rumbu uku. Ban san ta a can ba, amma sunanta ya riga fuskarta zuwa wurina. Fatake masu ratsawa Nijar, tun suna tafiya da jakai har suka koma babura, sukan zauna a rumfata su sha fura su lashe ludayi, sannan su ce, "Taki ta yi, Halima, amma ba ta kai ta gidan Jibrilla ba." Na sha jin wannan har na tsani matar da ban taɓa gani ba. Sun ce gidan a bakin hanya yake, kuma ba a wuce shi da ƙishirwa. Mai kiwo, mai talla, wanda tayarsa ta fashe, kowa ƙwarya ke tarbarsa kafin a tambayi sunansa. Shekara arba'in, in ji su, da an sallame sallar asuba turminta ne ke fara magana a ƙauyen.

Shekarar da mutanen daji suka hana noma, ƙauyen ya watse. An kore shanun Malam Jibrilla, an ƙone rumbu biyu. Suka shigo gari a kan amalanken aro da buhun gero takwas, da tabarmi, da kwanukan Inna, da turmi ɗaure a sama. Idon Malam ya riga ya fara hazo tun a can, kafin shekara ta zagayo ya rufe gaba ɗaya. 'Ya'yansu mata suna aure a tsallaken iyaka, kowace da nata gudun. Autansu Kamalu ya tafi Kudu cin rani, wayarsa ta yi wata biyar tana shiga, daga nan ta daina. Suka sauka a wani kango da ke jikin gidanmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Da na gan ta sai na ji haushina ya ƙaru, domin ba ta yi kama da wadda ta gudo ba. Doguwa ce, da zanen Gobirawa a kumatu, idonta ba ya rabuwa da kwalli, zanenta kullum a wanke ko da ya koɗe. Sauran matan da suka gudo, in ka ce musu ina kwana, sai su zauna su ba ka labari tun daga ranar da aka shigo musu. Ita kuwa, "Lahiya lau, ɗiyata, sai godiya." Kowa yana faɗin haka, na sani. Amma ita takan faɗe shi tana kallon tsakiyar idonka, har ka ji kamar kai ne ya kamata a tausaya wa.

Sai kuma dakan. Ni sana'ata ce, na san muryar turmi. Na san surfe, lokacin da ake fitar da dusa daga jiƙaƙƙen gero, na san ribɗi, lokacin da tsaki ke komawa gari. Kullum da an fito masallaci, kafin in gama ɗaura zane, sai in ji ta fara ta bayan katanga. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, amma takan yi bugu uku ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, irin na 'yan mata ranar biki. Nakan ce wa maigidana, "Ji tsohuwar can, ta gudo da ranta amma ba ta gudo ta bar yanga ba." A raina kuwa burge ni take yi, ban dai taɓa faɗa ba.

A bazarar shekara ta biyu wata ƙungiya ta kawo hatsi don waɗanda suka gudo. Hatsin bai kai yawan mutane ba, sai mai unguwa ya kira mu mata uku mu faɗi gidajen da suka fi shiga wani hali, tunda maza ba su shiga gidan mutane, mu ne muka san tukunyar kowa. To mu ma ba leƙa tukunya muke yi ba. A nan garin ana gane gida da abu biyu ne, hayaƙin murhu da ƙarar turmi. Gidan da aka kwana uku ba a ji daka ba, ba sai an tambaya ba. Sadiƙa ungozoma ce ke rubutawa, ita ce ta ce, "Gidan makahon ga hwa, Malam Jibrilla?"

Na ce, "Wane gidan Jibrilla? Matar da turminta ka tashe ni kullum? In kun ba ta, to ku rubuta da ni."

Aka yi dariya, aka wuce sunan. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba.

Bayan kwana biyu muka haɗu da Inna a bakin rijiya. Maganar ta riga ta kai mata, domin garin nan magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Na ɗaure fuska ina jiran faɗa. Sai ta kama hannuna ta ce, "Na ji abin da kinka ce, Halima. Allah shi yi miki albarka, kin hisshe mu kunya." Na koma gida ina jin kaina mai gaskiya.

Akwai abubuwan da na gani da idona na ba su wata fassara. Kajin unguwa ba sa taruwa a ƙofarta, alhali ni in ina bakace sai na sa ƙafa ina korarsu. Na ce tsabta ce, ba ta zubar da ko ƙwaya. Masu awaki sukan bi gida gida neman dusa, ita kullum ta ce ta riga ta bayar. Na ce akwai wadda take ajiye wa. Duk bayan mako biyu takan shiga motar Isa da ƙunshi a ka ta dawo da ɗan ƙulli a hannu, ta ce dangi ta gano a Turba. Takan ɗebo yashi daga gulbi a ƙwarya, ta ce tsakar gida take shimfiɗawa don Malam ya ji taushi a ƙafa. Zanenta ya fara zagaya ta fiye da da. Na ce tsufa ne.

Da damina ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, wata safiya na tashi ban ji daka ba. Ban gama mamaki ba sai ga sallamarta.

"Ɗiyata, turmina ya gaji. Gindin ya hude. Ki ara min naki in yi na sahe, kahin hantsi za ni maido miki."

Na ce, "Kin dai cinye shi da daka, Inna. Turmin kirya guda, ke kaɗai."

Ta yi murmushi. Na mirgina mata babban turmina, wanda nake kirɓa dawo a ciki da rana. Kafin hantsi ta maido shi a wanke, har ta kife shi ya tsane. Haka muka yi washegari, haka muka yi rana ta uku.

A ranar farko ma aka fara yi mini ƙorafi a tasha. Atiku direban motar Sakkwato ya kurɓi fura ya tsaya yana tauna, ya ce, "Halima, hura kika saidawa ko bulo?" 'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Shekara ashirin ina sana'ar nan ba a taɓa samun tsakuwa a furata ba. Na tafi kasuwa na sami Malami mai awo, wanda nake sayen gero a wurinsa, na wanke shi tas a gaban mutane, na ce yana haɗa gero da ƙasa. Bawan Allah ya rantse har ya gaji. Na dawo na rege geron sau uku, na tankaɗe garin da rariya mai laushi. Washegari aka sake cewa da yashi. Mutum huɗu daga cikin masu sayena na kullum suka koma wurin wata.

A rana ta uku na sa hannu na shafa cikin turmin. Gindinsa da ya yi sumul shekara da shekaru ya yi kaushi, duk ƙarzuwa sabuwa. Na sa farce a wata 'yar tsaga, sai ga yashin gulbi, fari, mai ƙyalli. Raina ya ɓaci. Ban yi tunanin komai ba sai cewa tsohuwar nan ƙazama ce a ɓoye, a ƙasa take zubar da gero ta kwashe, ga shi ta jawo mini zagi. Na ce gobe za ta san wadda ta ara mata turmi, wato ta san ni.

Da safe ta zo na ba ta kamar yadda muka saba. Na jira har dakan ya kankama, sannan na zagaya na shiga gidan ba sallama.

Malam Jibrilla yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki, ya fuskanci inda rana ke fitowa, da tasbaha a hannu. Ita tana can gefe ƙarƙashin dogon yaro. Kusa da ƙafarta akwai ƙwarya, a cikin ƙwaryar jiƙaƙƙen yashi. Na leƙa turmina. Babu ƙwayar gero ko ɗaya a ciki.

Ta gan ni. Taɓaryar ba ta tsaya ba. Ta ɗaga ido ta nuna mini tsohon da haɓa, ta girgiza kai sau ɗaya, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Halima ta, Malam. Ta zo ganin ko na hwasa mata turmi."

Ya ce, "Maraba da Halima. An kwana lahiya?"

Ban san abin da na amsa ba. Na tsaya kamar an dasa ni, ita kuwa ta ci gaba har ta cika adadin da ta saba, har da cilla taɓarya da tafi. Daga kusa na ga abin da katanga ta ɓoye mini. Da ƙyar take cafe taɓaryar, kuma tsakanin bugu da bugu tana jan numfashi ta baki.

Da ta gama ta ja ni cikin ɗaki ta sakaya ƙofa. Buhu takwas suna jere a kan itace, a cike, an ɗinke bakinsu da kyau. Na danna ɗaya da yatsa. Yashi ne.

Ta gaya mini da murya ƙasa ƙasa. Geron ya ƙare tun sanyin bara. Duk buhun da ya ƙare sai ta cika shi da yashi ta maida wurinsa, domin kullum da safe Malam yakan lallaba ya dafa su ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar Isa kuwa kwanukanta take kai wa wata dillaliya, can inda ba a san ta ba, ta sayo ɗan gari ta riƙa dama masa kunu safe da yamma. Kwanukan saura biyu. Na ce ita fa, me take ci? Ta ce tafasa ta fito, ga rama a bakin gulbi, kuma Malam ba ya shanye kununsa yanzu, kullum sai ya rage ya ce ya ƙoshi.

Na ce, "To yashin na mine ne, Inna?"

"Turmi wohi ƙara garai, kowa na ganewa. Busasshen yashi ma haka. Jiƙaƙƙe shi ka kama da surhe."

Ta faɗe shi kamar mai koya mini sana'a. Nan ne haushi ya kama ni, na ce don me ba ta yi magana ba lokacin rabon hatsi, don me ta bar ni na yi abin da na yi, har da gode mini.

Ta ce, "Sai a kira sunanai gaban mutane, a aza mai buhu ga ƙahwa a ɗauke shi hoto? Mutumen ga an kore mai shanu, an raba shi da gona, Allah ya amshi idonai. Abu guda yar rage mai, da sahe shi ji ana dakan geron da yan noma da hannunai. In na aje taɓarya, mi za ni ce mai?" Ta riƙe mini hannu kamar ranar rijiya. "Kada ki hwaɗi, Halima. Ko ga maigidanki."

Na fito ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da nake taƙama na san muryar turmi, wata takwas tsohuwa tana dakan yashi a jikin katangata ina yi mata ba'a. Kuma hatsin da zai raba ta da cin ganye, bakina ne ya hana, don a yi dariya. Rabon ya wuce, ba a sake kawowa ba. Na je na ba Malami mai awo haƙuri, ya tambaye ni daga ina yashin ya fito, na ce daga sakacina.

In na kai mata gero a ƙwarya na ce sadaka, na san za ta maido mini har gida ta haɗa da godiya. Sai na yage tsumma na ɗaure wuyan hannuna, na auni geron ciniki na ƙara tiya guda a kai, na shiga wurinta. Na ce hannuna ya gurɗe, ta riƙa yi mini surfe, dusa da tsaki nata, abin da ya haura ma'aunina ma nata, kamar yadda ake yi wa masu dakau.

Ta dubi ƙwaryar ta dube ni. "Tun da anka haihe ni ban yi dakau ba."

Na ce, "Ni ma tun da anka haihe ni ba a ce min mai bulo ba. Ke kinka koya ma turmina cin yashi, sai ki koya mai cin gero."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta karɓa. Wata huɗu na yi da tsumma a hannu, rabin surfen kuma a gidana nake yi a ƙaramin turmi don kada ya yi mata yawa. Wata rana ta ce mini, "Halima, jiya hagu kinka ɗaure." Ba mu sake tada maganar ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a safiyar farko da gero na gaske ya shiga turmin. Da hantsi na je ɗauka, na tarar da kajin gida uku a ƙofarta. Ita ta zagaya bayan ɗaki tana bakace inda iska ke bi. Malam Jibrilla ya ji takuna ya ce, "Halima, matso nan."

Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Allah shi biya ki."

Na ce, "Da mi, Baba? Ni aka taimako, hannuna na."

Ya ja tasbaha. Sannan ya ce, "Ɗiyata, shekara sittin ina aza gero ga kaina. Kina ganin hannuna bai san buhun yashi ba? Ranar da innarki tac cika na hwarko na sani. Kunnena ma ya sani. Gero in ana surhenai numhwashi shikai, yashi ba ya yi."

Na ce to don me bai yi magana ba.

"Matar ga ta ciyar da hanya guda shekara arba'in. In nic ce na sani, ta zama wadda tak kasa ciyar da mutum guda. Shi ya sa nika dahwa buhunnan da sahe in ce mata da saura." Ya juyo da fuskarsa wajen da ƙarar faifai ke fitowa. "Kunun ma ba ƙoshi nikai ba. Ban da wata hanyar da za ni sa ta sha. Kada ki hwaɗa mata, Halima."

Haka na zama mai riƙon amana biyu a gida ɗaya, ni da ban iya riƙe magana daga rijiya zuwa tasha ba. Kullum in shiga in ga yana dafa buhunan yashi yana cewa da saura, ita tana amsa masa da alhamdulillahi, ni ina tsaye da tsumma a lafiyayyen hannu. Sau da yawa nakan ji kamar in tara su in ce kowa ya san na kowa, ku huta. Nakan kai har bakin ƙofa in fasa. Har yau ban sani ba ko tsoro ne ya hana ni ko hankali.

Malam Jibrilla ya rasu da kaka, bayan zazzaɓin kwana biyar. An kai shi da hantsi. Kafin masu gaisuwa su cika gida Inna ta kira ni ɗaki, ta ce mu fitar da buhunan tun dangi ba su zo sun ce za su buɗe ba. Muka ja su ɗaya bayan ɗaya, muka farke ɗinkin, muka baza yashin a tsakar gida inda mata za su shimfiɗa tabarmi. Waɗanda suka zo daga baya har yaba mata suka yi, wai ko a ranar mutuwa gidanta tsaf.

Da muka zazzage na takwas ta zauna a kan tsohon turminta mai hujin nan, wanda ta kife a gindin dogon yaro. Ranar ce kaɗai na gan ta ba kwalli. Ta ninke buhun a cinya tana shafa shi.

Ta ce, "Abu guda nika gode ma Allah, Halima. Ya tahi bai sani ba."

Ta ɗago tana kallon tsakiyar idona, irin kallon nan nata. Bakina da bai taɓa jiran izinina ba, ranar ya jira.

Na ce, "Bai sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini buhun, na haɗa shi da sauran bakwai na kai ɗaki.